Mayen Ƙarfe da Tambayar Ɗan Gwangwan

Bahaushe ya yi wa ƙarfen nan mai jan 'yan'uwansa suna biyu. Na farko maganaɗisu, wanda ya aro daga Larabci, su kuma Larabawa suka aro daga Girkanci. Na biyu kuwa haifaffen gida ne, wato mayen ƙarfe. Mu da muke cin abinci da nazarin adabi, suna na biyu ya fi ɗaukar hankalinmu, domin siffantawa ce cikakkiya a cikin kalmomi biyu rak. Maye, a camfin Bahaushe, yakan kama kurwa ba tare da ya taɓa mai ita ba. Haka wannan ƙarfe yake fizgar allura tun kafin ta iso gare shi. Duk wanda ya raɗa wannan suna ya hango ainihin abin mamakin: ja daga nesa, ba igiya, ba hannu.

A nan Mubi, inda Hausa ce harshen ciniki tsakanin Fulani da Gude da Fali da Margi da baƙin Kamaru, ba mu ga waɗanda suka fi 'yan gwangwan sanin halin mayen ƙarfe ba. Sukan ɓalle shi daga tsohuwar lasifika su riƙa yawo da shi, domin shi ke raba musu baƙin ƙarfe da tagulla da alminiyam, kowanne da farashinsa. Ɗaya daga cikinsu, wani matashi da kan zo sayen tarkace a unguwarmu, ya taɓa tsayar da mu ya ce, "Malam, don Allah ina da tambaya. An ce ƙasa tana da maganaɗisu, shi ya sa komai ke faɗowa. To, yaya take jan mangwaro da tukunyar alminiyam, alhali nawa ba ya kama su?"

Wannan tambaya ta mai hankali ce, kuma harshe ne ya haife ta. Sau da yawa idan ana son a faɗi ƙarfin da ke sa abu ya faɗo, sai a ce "maganaɗisun ƙasa", a haɗa abubuwa biyu mabambanta a ƙarƙashin suna ɗaya. Yaron ya gwada sunan da abin da hannunsa ya sani, ya ga bai zauna ba.

Bambancin kuwa a fili yake. Mayen ƙarfe yana da zaɓi: baƙin ƙarfe da 'yan ƙarafa kaɗan irinsa yake kamawa. Yana da kai biyu, kuma idan aka haɗa kawuna iri ɗaya sai su ture juna; in an karya shi biyu, kowane ɓari sai ya fito da nasa kawunan biyu. Yana kuma tsoron wuta, domin idan maƙeri ya gasa ƙarfe ya wuce digiri 770 a ma'aunin Salsiyas, mayen ƙarfe ba ya ƙara kama shi sai ya huce. Shi kuwa ƙarfin da ke saukar da mangwaro ba ya zaɓe, ba ya turewa, ba ruwansa da zafi. Shi ke gangaro da ruwan tsaunukan Mandara zuwa kogin Yedzaram, shi ke riƙe da kowane bijimi a kasuwar shanu. Amma duk da haka rarrauna ne: mayen ƙarfe da bai fi goro ba yana ɗaga ƙusa, alhali duniya ɗungurungum tana janta ƙasa.

Kada mu yi wa masu haɗa abubuwan biyu dariya, domin manya ma sun bi ta nan. Gaskiya ne ƙasa tana da maganaɗisu, wanda narkakken ƙarfen da ke motsi a cikinta yake haifarwa, kuma shi ke juya allurar kamfas da matafiyi ke neman alƙibla da ita. William Gilbert na Ingila ya bayyana duniya a matsayin ƙaton maganaɗisu a shekarar 1600, har Johannes Kepler ya zaci irin wannan ƙarfi ne rana ke sarrafa duniyoyi da shi. Sai a 1687 Isaac Newton ya nuna cewa ƙarfi ne dabam, wanda ke tsakanin kowane abu da kowane abu, yana ƙaruwa da yawan jiki, yana raguwa da nisa. Shi kuma maganaɗisu daga baya aka gano danginsa na gaskiya, wato lantarki. A 1820 Hans Oersted na Denmark ya ga wayar da wuta ke bi tana karkatar da allurar kamfas, a 1831 kuma Michael Faraday ya samar da wuta ta hanyar motsa maganaɗisu kusa da naɗaɗɗiyar waya. Duk janareton da ke ruri a shagunan garin nan jikan wannan gwaji ne.

Tambaya takan haifi 'yar'uwarta. Idan duniya tana jan komai, me ya hana wata faɗowa? Amsar tana hannun yaron da ke korar tsuntsaye a gona da majajjawa. Dutsen yana son ya miƙe ya tafi, igiya tana mayar da shi ciki, sai ya yi ta kewayawa. Wata yana nesa da mu da kimanin kilomita 384,000, yana kuma gudun kusan kilomita ɗaya a kowace daƙiƙa; jan duniya ne igiyarsa. Kullum cikin faɗowa yake, gudunsa na gefe ne ke sa ya riƙa kuskure ƙasa. To, abu mai nauyi ya fi marar nauyi saurin faɗowa? Iska ce ke ruɗin ido. A 1971 David Scott ya saki guduma da gashin tsuntsu a kan wata, inda babu iska, suka dira tare.

Akwai kuma inda masanan kansu suka tsaya. Newton ya auna wannan ja, amma ya faɗa da bakinsa cewa bai gano musabbabinsa ba. Sai a 1915 Albert Einstein ya fassara shi da lanƙwasar sarari da lokaci, aka kuma gwada maganarsa a kusufin rana na 29 ga Mayu, 1919, a wurare biyu, ɗaya daga ciki tsibirin Principe da ke kudu da gaɓar tekun Nijeriya. Ashe tambayar ɗan gwangwan da ta Newton uwarsu ɗaya.

Abin da ya shafe mu, mu ma'abota harshe, shi ne wurin da irin wannan tambaya za ta sauka. Matambayi ba ya ɓata, in ji Hausawa, amma sai ya sami mai amsa masa da harshen da ya yi tambayar. Yaron da aka ce masa amsar tana cikin Turanci, an sallame shi ke nan, kuma gobe ba zai sake tambaya ba. Magabata sun share hanya: Rupert East da Abubakar Imam sun fitar da Ikon Allah a 1949, suka yi bayanin halittu da Hausa tsantsa, Umaru Dembo kuma ya ɗaga tunanin yara zuwa sararin samaniya da Tauraruwa Mai Wutsiya. A garin da ke da jami'a da kwalejin kimiyya da fasaha, malamin kimiyya da malamin Hausa ba su da nisa da juna.

Mu fara da suna. Tunda ja ne na juna, da tsarin harshe za a bi da "jayayya" ta dace, kamar soyayya da ƙiyayya, sai dai gardama ta riga ta mallake kalmar. "Jan ƙasa" kuma ya yi ƙunci, domin rana da wata su ma suna ja. Mu dai muna ba da shawarar "jan nauyi", a bar wa maganaɗisu sunansa shi kaɗai. Idan ɗalibanmu suna da wanda ya fi wannan, shafukan mujallar nan a buɗe suke, sharaɗi ɗaya ne kawai: a kai sunan kasuwar gwangwan a gwada shi, a ga ko zai zauna a bakin masu sana'ar.