Kaluluwar da ba ta ciwo

Mu yaran Tanut ba mu ɗauki kaluluwa ciwo ba. Ka tashi da safe ka ji wani ƙullutu ƙarƙashin muƙamuƙi, yana zillewa in ka taɓa, kai kuma ba ka iya juya wuya ka amsa kiran mushe a lakwal, amma da an tashi sai guje-guje cikin rairayi. Nakan yi mamakin yaron nan da ni ne: ƙwarƙwata a ka, makero ya ci rabin suma, yana sosa da farce mai datti, yana kuma mamakin inda kumburin ya fito.

Kakata ba ta fara duba wuyan. Sai ta matse ni tsakanin gwiwoyinta, zanenta yana warin hayaƙin kara da daddawa, ta bi fatar kai da yatsa, ta leƙa bayan kunne, ta ce in buɗe baki ta ga haƙori da maƙogwaro. "Ga uwar ciwon nan, ja'iri," in ji ta, in ta tarar da ƙurji mai ruwa. Daga nan ta ɗumama muciya a bakin murhu ta danna a kumburin, ta lakato man shanu daga tandu ta shafa. Ƙurjin ya bushe, kaluluwa ta sace. Muciya ce ke shan yabo.

Ashe inda ƙwayoyin cuta suka shiga, kaluluwar da ke kusa ce ke tare su, ta kumbura, ta yi zafi. Lokacin ƙyanda kuwa, gida-gida ake kwana da ita. Hangum daban ne, shi gaban kunne yake hawa, har a yi ta yi maka dariya.

Ta ɗan kawuna, wanda ke kiwo wajen Belbeji, ba ta yi zafi ba ko kaɗan, shi ya sa ba wanda ya damu. Ta yi wata da watanni, ta haɗu da ƴan uwanta suka dunƙule kamar gurjiya cikin tsumma, shi kuwa yana ramewa, yana jiƙa tabarma da gumi cikin dare ko a tsakiyar ɗari. Wanzami ya yi tsaga, aka turara hano, aka sha rubutu. Sai ta fashe tana tsiyaya, ta ƙi rufewa.

Da aka kai shi likitar gari, majo, babban ma'aikacin jinya, ya daɗe yana lalube wuyansa da hammata, yana tambaya: tun yaushe, yana tari, wa ke tari a gida, nonon da yake sha dafaffe ne? Ya rubuta takarda zuwa Damagaram, tafiyar kusan kilomita 150 a saman buhunan hatsi. Can aka ɗauki hoton ƙirji, aka zuƙi ruwan kumburin aka duba. Tarin fuka ne, a wuya ya sauka, ko da tari babu. Wata mai tauri da aka gani a wuyan wani dattijo a layi ɗaya, ita ciwon daji aka ce.

Allura ya sha har ya kasa zama, ƙwaya kuwa kusan shekara. Yanzu wata 6 ake yi. Ya dawo da tabo da ƙiba. Tun ranar inna ta hana mu kafa kai a ƙwaryar tatsa, sai an tafasa madarar. Na daɗe ina jin haushinta, don mai ɗumin hantsa da kumfa ta fi daɗi nesa ba kusa ba.