Cika ciki daban, ƙoshin jiki daban

Zuwa ga ƴan uwa mata na asusu, na nan Dantchiao da na ƙauyukan Magarya da Dungas. 

A wannan fitowa mun ajiye lissafin akwati, za mu yi lissafin ciki. Kowaccenmu ta san yaron da ake ba kunu safe da yamma, cikinsa kullum a cike, amma damtsensa sai ƙara sirancewa yake yi. Uwarsa ba ta yi sakaci ba, tana dama mishi, yana sha. To ina abincin yake tafiya? Mu da muka yi karatun yaƙi da jahilci mun zauna da ma'aikatan likita mun yi ta tambaya, kuma ga abin da muka fahimta: jiki ba ya amfana da duk abin da aka haɗiye, sai abin da hanji ya tsotsa ya miƙa wa jini.

Wannan ilimi bai yi nisa da mu ba. Duk Sallar Layya mu ne ke wanke kayan cikin rago. Mun san tumbi, mun san hanta da madaciyar da ke maƙale a jikinta, mun san siririn hanji da mai kauri. Namu ma haka Allah ya jera su, sai dai tumbin rago ɗaki huɗu ne saboda ciyawa yake ci yana tuƙa, namu kuwa ɗaki guda ne. Bari mu bi lomar tuwo daga baki har inda take ƙarewa.

A baki aiki ke farawa. Babban mutum haƙoransa 32, yaro kuma haƙoran nono 20 yake fiddawa. Haƙori shi ne turmi da taɓarya na jiki. Miyau kuma, wanda baki ke zubo da kimanin litar guda a yini, yana da wani sinadari mai narka garin hatsi ya mai da shi sukari. Ku gwada tauna dafaffen rogo ku daɗe ba ku haɗiye ba, za ku ji zaƙi ya fito. Jaririn da ba shi da haƙori, wannan dakan mu ne za mu yi mishi shi a turmi, mu murje wake da ganye su yi laushi.

A maƙogwaro hanya biyu ce, ta numfashi a gaba, ta abinci a bayanta, da wani ɗan murfi da ke rufe ta numfashi duk lokacin da muka haɗiye. Yaron da aka kwantar aka toshe wa hanci aka yi wa ɗura yana kuka, murfin nan ba ya samun rufewa daidai, sai kunu ya bi hanyar huhu. Daga nan tari da ciwon haƙarƙari ke iya tasowa, wani lokaci ma a rasa yaron nan take. Ɗura al'ada ce da muka tarar, kuma da niyyar alheri ake yin ta, amma cokali da rarrashi sun fi ta aminci.

Daga nan loma ta bi bututu mai tsawon kimanin santimita 25 ta sauka tumbi. Tumbi jaka ce ta nama mai ƙarfi. Yana zubo ruwa mai tsananin tsami wanda ke kashe ƙwayoyin cuta da yawa, ya fara narka nama da wake da ƙwai, yana ta juya abincin awa biyu zuwa huɗu har ya koma kamar kunu. Tumbin babba yana ɗaukar litar guda ko fiye. Na jaririn da aka haifa yau bai fi ɗan magarya ba, shi ya sa ɗan dakashin da ke fitowa a kwanakin farko ya ishe shi, kuma shi ne rigakafinsa na farko, bai kamata a tatse shi a zubar ba. Na yaro ɗan wata shida zuwa shekara guda kuwa, abin da yake ɗauka kimanin mililita 200 ne, wato a raba litar gida biyar a ɗauki kashi ɗaya.

Nan amsar tambayarmu ta fara fitowa. Idan muka cika wannan ƴar jakar da tsararon kunu ko fura mai ruwa-ruwa, yaro zai ture kofi don ya cika, alhali mafi yawan abin da ya sha ruwa ne. Ya ƙoshi a ido, jikinsa kuwa da yunwa ya kwana.

Bayan tumbi sai siririn hanji, kuma shi ne uban aikin. A jikin babba ya kai kimanin mita 6 a nannaɗe. Yana tura abinci gaba ta hanyar matsewa da saki, kamar yadda muke tatsar hanjin rago da yatsu in muna wankewa. A farkonsa ruwa biyu ke zubowa. Ɗaya ruwan madaciya, wanda hanta ke yi. Ɗacin nan da muke gudun ya fashe ya ɓata mana nama, aikinsa a jiki irin na sabulu ne a kwano mai maiƙo: yana tarwatsa mai ya zama ƙananan ɗigo don jiki ya iya ɗauka. Na biyu daga wata ƴar tsoka mai tsawo da ke kwance bayan tumbi yake fitowa, shi ke ƙarasa narka hatsi da nama da mai. Ita dai wannan tsokar ce ke yin sinadarin da ke daidaita sukari a jini, in ya gaza ake samun ciwon sukari.

Bangon siririn hanji daga ciki cike yake da ƙananan tsiro kamar gashin tawul, sun fi ƙarfin ƙirga. Su ne ke tsotse narkakken abinci su ba jini, jini ya kai hanta, hanta ta tace, ta ajiye na ajiya, ta raba sauran. In kun so ku ce ita ce ma'ajiyar ƙungiya. Abin da ya rage sai ya wuce babban hanji, mai tsawon kimanin mita ɗaya da rabi, inda ake janye ruwa, saura ya fita bayan gida. Tafiyar duka takan ɗauki kwana ɗaya zuwa uku.

Zawo kuwa gashin tawul ɗin nan yake cinyewa. Yaron da zawo ke yawan kamawa, hanjinsa ya zama kamar tsohon tawul da ya sule, abinci na wucewa ba ya kamawa. Rashin abinci ya ƙara raunana hanjin, raunin ya sake jawo zawo, haka abin ke zagayawa har tamowa ta shiga. Tsutsar ciki kuma tana nan zaune tana cin rabonta. Don haka wanke hannu da sabulu bayan wanke wa yaro kashi da kafin ba shi abinci, rufe randa, da amfani da masai, duk cikin ciyarwa suke. In zawo ya zo, kada a ce na haƙori ne a zuba ido, kuma kada a janye nono ko abinci da sunan hanji ya huta. A narka ƙunshi ɗaya na garin gishiri da sukari na likita a litar guda ta ruwa mai tsabta, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, a haɗa da ƙwayar zinki kwana 10 zuwa 14 ko da zawon ya tsaya. In idonsa ya faɗa, ko ya kasa sha, ko an ga jini, likita ba jira.

To me za a sa wa hanjin? A aji an kwatanta mana abinci da duwatsun murhu, in babu ɗaya tukunya ba ta zama. Dutse na farko masu ba da ƙarfi: hatsi, dawa, masara, rogo, dankali, mai. Na biyu masu gina jiki: wake, gujiya, ƙuli-ƙuli, riɗi, awara, nono, ƙwai, kifi, nama, har da fara. Na uku masu kare jiki: zogale, kuka, yakuwa, rama, tafasa, kabewa, tumatir, mangwaro, gwanda. Kun ga babu ko ɗaya da sai an je Damagaram kafin a same shi. Hatsi kaɗai ginin da yake yi bai cika ba, amma in ya haɗu da wake kowanne ya cike giɓin ɗan uwansa.

Akwai kuma ƴan dabaru da sanin hanji ya koya mana. Sinadarin da ke cikin zogale da kabewa da mangwaro mai kare ido da jiki, wanda ake kira bitamin A, sai da maiƙo hanji ke ɗaukarsa sosai, saboda haka cokalin man gujiya a kwaɗo ko a kunun yaro ba almubazzaranci ba ne. Sinadarin ƙarfe mai ƙara jini da ke cikin wake da ganye, lemun tsami da ɗanyen tumatir suna taimaka mishi ya shiga, shayi kuwa tare shi yake yi. Mai ciki ta raba shayi da lokacin cin abinci, kuma ta riƙe ƙwayoyin ƙarin jini da ake ba ta wurin awo. Jiƙa hatsi da barin gasara ta yi tsami suna sassauta abin da ke ɗaure wannan sinadari a cikin ƙwaya. Sai garin tsiro: a jiƙa hatsi, a rufe shi kwana biyu ko uku ya tsiro, a shanya ya bushe sarai, a daka. In aka dama kunu mai kauri aka sauke ya ɗan huce, aka barbaɗa ɗan wannan gari aka juya, zai saki ya yi laushi ba tare da an ƙara ruwa ba, don tsiro yana da irin sinadarin nan na miyau. Sai a mai da shi wuta ya ɗan tafasa. Yaro ya samu mai sauƙin haɗiya, kuma kofi ɗaya ya yi mishi aikin biyu.

Ƙa'idar da likitoci ke bi a duniya ita ce nono zalla har wata 6, ko ruwa ba a haɗawa, don nono da ruwansa yake zuwa kuma hanjin jariri bai yi ƙwarin da zai jure ruwan randa ba. Daga wata 6 zuwa 8 a ba shi abinci sau 2 ko 3 a yini, daga wata 9 zuwa shekara biyu sau 3 ko 4 da ɗan abin taɓawa a tsakani, nono kuma ya ci gaba. A ba shi kwanonsa shi kaɗai, don a kwanon taro yayyensa sun fi shi saurin hannu.

Mun san abin da wata za ta ce: ana ta kai wa ke ta kaya, hatsin ma ina yake? Gaskiya ne. Ba mu manta 2005 ba, shekarar da Likitocin da Ba Su da Iyaka suka fara aiki a Magarya. Ba mu manta damanar 2018 ba, lokacin da yara sama da 700 suka kwanta a sashen yara na asibitin Magarya a lokaci guda. Kowace shekara daga Yuli zuwa Oktoba rumbu ya yi ƙasa, zazzaɓin sauro ya taso, su biyun su haɗu a kan ɗiyanmu. Amma mu duba wani abu. Da kaka wake da riɗi da gujiya suna fita daga gidajenmu da araha su tsallaka iyaka zuwa kasuwannin Najeriya, da damana mu sayo su da tsada ko mu haƙura. Ƙwai uku a kai kasuwa, a dawo da dunƙulen ɗanɗano da alewa. A nan ne asusu ke da abin cewa.

Tun da ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi a 1991, abin da mata suka nuna shi ne dala biyar-biyar in ta taru tana sayen akuya. Mu a ƙungiyarmu mun ƙara zubi na biyu wanda ba na kuɗi ba. Da kaka kowace mace ta kawo tiyar wake da ta gujiya, mu cika jarkoki mu toshe bakinsu sosai don ƙwari su rasa iska. Daga asusun taimako muke sayen mai. In damana ta faɗi sai mu soya, mu niƙa, hatsi kashi uku, wake kashi ɗaya, gujiya kashi ɗaya, mu raba wa masu yara ƴan ƙasa da shekara biyu da masu ciki. Ranar zubi kuma, kafin a buɗe akwati, muna auna damtsen yara ƴan wata 6 zuwa shekara 5 da zaren awo mai launi uku, dabarar da aka fara koya wa iyaye mata a nan jiharmu, a gundumar Mirriya. Tsanwa lafiya lau, ɗorawa gargaɗi, ja kuwa, wato ƙasa da santimita 11 da rabi, ko kumburin ƙafa biyu, a tafi likita a ranar. Tun 2006 doka ta ce duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ne a ƙasarmu. Kuɗin mota in ya gagara, asusu ya ranta ba riba.

Saura magana da mazajenmu da surukanmu, kuma da ladabi za a yi ta. Inna in ta ce ƙwai yana sa yaro sata ko ya hana shi magana da wuri, kada a yi mata gardama a tsakar gida. A gayyato ta ranar da muke dama kunun gwaji, ta ɗanɗana, ta ga jikanta yana sha. Maigida kuma a nuna mishi girman tumbin ɗansa da kofi, a roƙe shi tsoka ɗaya daga kwanonsa da ɗan hanta ranar kasuwa. Mun ga mazan da wannan kofin ya ishe su bayani.

Muna roƙon kowace shugaba ta karanta wannan takarda a zaman mako mai zuwa saboda waɗanda ba su kai ga karatu ba tukuna, a kuma tsai da ranar fara zubin wake tun kafin ƴan kasuwa su shigo da buhunansu. Allah ya ba mu damana mai albarka, ya raya mana ɗiyanmu cikin ƙoshin lafiya. Amin.