Kasko, Garwashi da Cakulan: Tsokaci a Kan Wani Baƙon Gashi a Unguwa Uku

Kalmar kasko ta girmi ƙarfen da ake kira da ita a yau. A asali kasko na yumɓu ne, aikin maginan tukwane, shi ya sa har yanzu ake cewa kaskon wuta da kaskon turare. Da ƙarfe ya shigo madafa sai ya gaji sunan, kamar yadda tandar ƙarfe ta gaji sunan tandar ƙasa ba tare da an yi mata wata sabuwar raɗa ba. Mafi yawan kasaken da ke gidajen Kano, ko dai bugun maƙeran baƙi ne daga fallen ƙarfe, ko kuma zubin alminiyam na maƙeran fari. Alminiyam yana narkewa a zafin digiri 660, abin da maƙerar unguwa take iya kaiwa da gawayi da zugazugi. Baƙin ƙarfe kuwa sai an kusa ninka wannan kafin ya zubu. Saboda haka kaskon zubin baƙin ƙarfe, mai kauri da nauyi da mariƙi guda, baƙo ne a ƙasar Hausa. Ta jirgin ruwa yake zuwa, yawanci ya biyo hannun 'yan gwanjo.

Irin wannan kasko ne wata malamar firamare take da shi a Unguwa Uku, cikin lungunan da ke bayan tasha, inda ake jin kiran 'yan kamasho na motocin Zariya da Kaduna da Abuja tun kafin asalatu. Marigayi mijinta direban babbar mota ne, shi ya sayo shi a Legas a ɗaya daga cikin tafiye-tafiyensa na Kurmi. Kaskon ya yi shekaru a ƙarƙashin gado, domin ya yi nauyi a soya ƙwai, ya kuma yi ƙanƙanta a soya ƙosai. Bayan rasuwar maigidan, albashi ya kasa riƙe gida mai 'ya'ya biyar, sai malamar ta kama yin kek na biki da suna a obin mai gas. Daga ranar 29 ga Mayun 2023, da aka janye tallafin man fetur, kuma darajar naira ta biyo baya da faɗuwa, kuɗin gas ya soma cinye ribar. Wutar lantarki kuwa ba abin da mai sana'a zai ɗaura alkawari a kanta ba ne. Ta rufe obin, ta koma gawayi.

A wannan tsakanin ne babbar 'yarta ta nuna mata a waya wani kek ɗin cakulan da Amurkawa suke gasawa a irin kaskon nan. Sunansa birawuni, wato mai launin ƙasa-ƙasa. Ana danganta asalinsa da otal ɗin Palmer House na birnin Shikago a 1893, lokacin babban baje-kolin duniya da aka yi a garin, kuma a farkon ƙarni na 20 ya shiga littattafan girkin Amurka. Abin da ya raba shi da kek ɗin da aka sani shi ne ba a son ya tashi. Ba a sa masa yis, hodar da ke kumbura kek ma ko dai a bar ta ko a sa ɗan kaɗan. Fulawa kaɗan ce, mai da sukari su ne da yawa. A ma'aunin malamar: gwangwanin madara ɗaya na fulawa, ɗaya na garin koko, ɗaya na narkakken mai, biyu na sukari, ƙwai uku, da ɗan gishiri. Idan ta sami man shanu mai kyau takan wanke shi ta narkar da shi da kanta, domin soyayyen da ake sayarwa yakan zo da ƙamshin albasa, wanda ya dace da tuwo amma ba ya shiri da cakulan. Takan kuma daka mazarƙwaila ta maye rabin sukarin da ita, ta ce tana ƙara masa danshi da wani ɗanɗano mai kama da na alewar madara da ta ji wuta.

Kwaɓin ba shi da wuya. Wutar ce aikin.

Matan Kano sun daɗe da sanin gasa kek ba tare da obin ba. A zuba yashi a gindin babbar tukunya, a jera gwangwanaye a kai, a rufe, a ɗora garwashi bisa murfi. Yashin shi ke tare harshen wuta ya raba zafin daidai. A kaskon zubi babu yashi. Kaurin ƙarfen ne yake yin aikinsa, yana jinkirin ɗaukar zafi, yana kuma jinkirin sakinsa. Wanda ya ga bai yi zafi da wuri ba ya ƙara gawayi, to zai kwashe gindi baƙi ƙirin da tsakiya ruwa tsululu. Wadda ta daidaita wa malamar wutar ita ce yayar mijinta, dattijuwa mazauniyar Gyaɗi-Gyaɗi, wadda ta haura shekara arba'in tana yin alkaki da nakiya da dubulan na gara. Ba ta taɓa ɗanɗana cakulan da niyya ba, amma tafin hannunta ma'aunin zafi ne. Ta sa aka rage garwashin ƙasa zuwa 'yan ƙwayoyi, aka yayyafa musu toka, aka rufe kaskon da tiren ƙarfe, aka jera na sama a gefe-gefe har ya ninka na ƙasa. Ta ce a riƙa juya kaskon kaɗan-kaɗan, kada ɓangare ɗaya ya daɗe yana fuskantar iska. Kusan rabin awa ake yi a haka.

A wajen saukewa suka fara saɓani. Ƙa'idar mai kek ita ce a soka tsinke, in ya fito fes an gama. Shi wannan kuwa dole tsinken ya fito da ɗan ɓurɓushi mai danshi, a sauke shi tsakiyarsa tana ɗan rawa, domin ƙarfen zai ci gaba da gasa shi bayan ya bar murhu. A wajen dattijuwar, wannan ɗanyen abu ne. Duk tarbiyyar madafar Bahaushe ta tsayu ne a kan tsoron a ce tuwon mace bai nuna ba, ko wainarta ta yi ɗanyen ciki, ga shi kuma an zo da abincin da gwanintarsa ita ce a sauke shi kafin ya ƙarasa. Sai da ya huce ta ga ya kama jikinsa, yana yankuwa da wuƙa, sannan ta yi shiru, wanda a wurinta amincewa ce.

Ko a kan aikatau ba su daidaita ba. Malamar takan ce gasawa take yi, kamar yadda ake gasa gurasa a tanderu. Dattijuwar ta ce duk abin da aka shafa wa mai a kasko aka ɗora a wuta, tuya sunansa, tun da waina ma toya ta ake yi. Kowace da hujjarta: ɗaya ta dubi zafin da ya kewaye abin sama da ƙasa, ɗaya ta dubi mazubin. Gefen da ya manne wa ƙarfe ya yi ƙaras-ƙaras kuwa, nan take dattijuwar ta kira shi ƙanzo, ba kuma wanda ya yi mata musu. Haka shafen da ake yi masa a sama, na garin sukari da koko da bota da ɗan madara, da ta ga launinsa da yadda ake lailaye shi da bayan cokali, sai ta ce makuba. Yaran gidan ba su san makuba ba. Sai da aka yi musu bayanin ɓawon ɗorawa da ake jiƙawa a yi wa bangon ƙasa shafe da ruwansa, domin a Tarauni ta yau siminti ya gama cinye katangu.

Akwai wani abu a tarihin kokon kansa da ya cancanci a tsaya a kai. A rubuce, koko na cakulan da koko na gero kalma ɗaya ce, har malamar takan ce wa yaron da ta aika Kasuwar Singa ya faɗi garin koko na kek, kada a haɗa shi da masu gasara. Bishiyar koko asalinta Kudancin Amurka ne, amma a rabon masana tsirrai dangi ɗaya take da bishiyar goro, kuma a ƙasar Yarabawa sau da yawa gona ɗaya suke tsayawa. Dukkansu ɗaci gare su, dukkansu suna wartsake jiki. Fataken Hausawa sun yi ƙarnoni suna ɗauko goro daga Gwanja, daga baya kuma daga Shagamu da kewayenta, har ya zama ba a ɗaurin aure ko suna sai da shi. Ɗan'uwansa kuwa sun wuce shi a gona ba su waiwaya ba. Koko ya nufi teku, kuɗinsa ya gina Gidan Koko na Ibadan da aka buɗe a 1965, ya iso Arewa a gwangwanin Bournvita da Milo, a teburin mai shayi, an riga an kashe ɗacinsa da sukari da madara. Shi ya sa Bakano ya san ɗacin goro tun yana yaro, amma yakan yi mamaki ranar da ya fara lasar garin koko tsantsa. Shi ya sa kuma farashinsa ba a Kano ake yanke shi ba. A 2024, da amfanin gona ya lalace a Kwaddibuwa da Gana, tan ɗaya ya haura dala 10,000 a kasuwar duniya karo na farko, kuma malamar ta ji wannan a jikinta ba tare da ta karanta shi a jarida ba.

Babban saɓanin ya zo ne da aka sa ranar auren 'yar, bayan ƙaramar salla, a tsakiyar bazara. Gara ma'auni ce da dangin ango suke auna gidan amarya da ita, ana ƙirga buhuna da bokitai ko da ba a faɗa ba, kuma wadda mijinta ya rasu ta fi kowa sanin idon da ke kanta. Zuma da man gyaɗa da alkama duk sun yi tsada. Amma ba kuɗin kaɗai ne a zuciyar malamar ba.

"Yaya, da za a bar ni in sa ko tire biyu ne a cikin garar yarinyar nan. Sana'ar da ta ciyar da ita ke nan tun bayan babanta."

"Ban ƙi ta taki ba. Amma gaya mini, kwana nawa yake yi?"

"Huɗu. In da sanyi, biyar."

"To abin kwana huɗu ai na tarbar baƙi ne. Ke, nakiyar da aka kawo mana ta gararki, har kika yi cikin fari ana gutsurar ta."

Za a iya ɗauka cewa tsohuwa ce kawai take ƙyamar baƙon abu. Tarihin garar kansa bai goyi bayan wannan fassara ba. Cincin daga Kudu ya zo, kuma ya zauna daram a cikin kayan gara. Ƙananan kek na gwangwani, waɗanda ake gasawa su ɗan bushe, su ma sun sami shiga a gidaje da yawa. Abin da ya haɗa su da alkaki da nakiya da dubulan shi ne jure ajiya. An soya su, ko an tsuma su a zuma da sukari, ko an cuɗe su da mai da kayan yaji, yadda za a raba su kwano-kwano ga dangin ango, a aika wasu garuruwa, amarya kuma ta sami abin miƙa wa masu zuwa ganin ɗaki na tsawon makonni. Gara guzuri ce ta farkon zaman aure. Birawuni kuwa daɗinsa a danshinsa yake, kuma danshin nan shi ne ajalinsa. Botar da ke cikin shafensa tana sakin jiki da zarar zafi ya wuce digiri 30 da 'yan kai, alhali Kano a watan Afrilu takan kai 40. Tiren da ya bar Unguwa Uku da hantsi a bayan a-kori-kura, kafin a sauke shi a gidan surukai ya zama abin da za a yi shekara ana labarinsa. A kan wannan, gaskiya tana wurin dattijuwar. Sai dai buƙatar malamar, ta a ga aikin hannunta a auren 'yarta, ita ma ba abin da lissafin kwanaki zai share ba ne, kuma dattijuwar ta san haka, don ita ma da kasko ta aurar da nata 'ya'yan.

Abin da aka yi shi ne, dattijuwar ta ɗauki alkaki da nakiya da dubulan a kanta, ta karɓi kuɗin kaya ta ƙi karɓar na aiki, ta ce 'yar ƙaninta ce. Malamar kuma ta kwana tana gashi a daren wuni. Kasko ɗaya ne, kuma sai ya huce ake iya fitar da abin cikinsa, don haka kowane zubi yakan ci fiye da awa guda. Ta yi shida kafin kiran salla. Ba ta yi shafen ba sai da gari ya waye, ta yanka ƙanana-ƙanana, aka jera a ɗakin da rana ba ta bugunsa, aka riƙa fitarwa faranti-faranti ga mata 'yan wuni. Kafin la'asar babu ko ɓurɓushi. Gefunan ta ware su tun da dare a kwanon sha mai murfi ta aika Gyaɗi-Gyaɗi, inda ake jiƙa su a shayi saboda haƙora.

Daga wunin nan masu saye suka ƙaru, kuma saƙonnin da ke shigo mata ta WhatsApp ba su tsaya a kan suna ɗaya ba. 'Yan jami'a sukan rubuta sunan Turancin, kowa da irin haruffansa. Wasu su ce baƙin kek, wasu kek ɗin cakulan mai danshi. Matan unguwa, waɗanda suka ga yadda ake yin sa a tsakar gida, na kasko kawai suke cewa, kuma haka malamar take rubuta shi a littafin bashinta. Daga watan Maris zuwa saukar damina ba ta karɓar aikin mai shafe sai ga wanda zai zo ya ɗauka da kansa kafin hantsi.