Filin Jirgi Babu Jirage

Mai karatu, duk wanda ya taɓa neman abincinsa a filin jirgin sama zai shaida maka cewa abu biyu ne ke haɗuwa su yi fili: gini da zirga-zirga. Ginin shi ne titin sauka, da hasumiya, da zauren jira, da wurin ajiye jirage. Zirga-zirgar kuwa ita ce wancan ya sauka, wannan yana shan mai, ga wani can ya juya hanci yana jiran izinin tashi. In ka cire ta biyun, abin da ya rage bai fi fegin da aka malala wa kwalta ba. Na shafe shekaru ina aikin kula da fasinja a cikin jirgi, galibi a jigilar alhazai, kafin in tattara in dawo gida Sanyinna, cikin ƙaramar hukumar Tambuwal. A yau jirgin da nake shiga yana cikin kwamfuta ne, kuma shi ne ya tayar mini da maganar da nake son mu tattauna.

Ga wanda bai san abin ba, akwai wata manhaja mai kwaikwayon tuƙin jirgin sama. Kana zaune a ɗakinka, allon kwamfuta zai zama tagar matuƙi, ga agogunan da ke nuna tsawo da gudu da sauran mai, ka tashi daga wani gari ka sauka a wani, kuma awowin da tafiyar ke ci a zahiri su za ta ci maka. Wadda ta fi suna ita ce Microsoft Flight Simulator, da ta fara fitowa a 1982. Akwai kuma X-Plane, da FlightGear wadda kyauta ake rabawa. Wadda nake amfani da ita fitowar 2003 ce, mai faifai huɗu, domin ba ta neman intanet, ba ta kuma fi ƙarfin tsohuwar kwamfutar da hasken rana ke ɗauka ba. Da tsohuwar zuma ake magani.

Akwai filayen jirgi sama da 20,000 a cikinta, har da namu. In ka rubuta DNSO, lambar da matuƙan duniya suka san Sakkwato da ita, za ta ajiye ka a kan titin Filin Jirgin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku. DNKN kuwa Kano ce. Tsawon titin daidai ne, inda ya fuskanta ma daidai ne. To, amma waiwaya ka duba. Wasu akwatunan gini ne masu launin toka, irin waɗanda za ka gani a kowane ƙaramin fili na duniya, babu bishiyar dogonyaro ko ɗaya, babu ’yan rakiya, babu masu tallar ruwa. Jiragen da ke wucewa jefi-jefi ma na kamfanonin ƙirƙira ne, irin su Orbit da Pacifica, waɗanda ba su taɓa wanzuwa ba balle su zo Sakkwato.

Waɗannan jirage da kwamfuta ke tuƙawa da kanta, ni ina kiransu jiragen cika fili. Tun fitowar 2001 aka sa su a manhajar, kuma yadda suke aiki ba shi da wuyar ganewa. Jeri uku ake ba kwamfuta: jerin jirage, jerin filaye, sai jadawalin tafiya, wato jirgi kaza zai tashi daga wuri kaza ranar kaza da ƙarfe kaza, ya sauka a wuri kaza. Daga nan ita za ta riƙa tayar da su tana saukar da su, ko kana kallo ko ba ka kallo. Akwai wani sharaɗi guda: dole a zana wa kowane jirgi wurin tsayawa a filin da zai je. In babu, zai sauka lafiya lau, ya gangara kan titi, sai kawai ya ɓace kamar aljani. Na daɗe ina tunanin wannan ɓacewar, domin kusan haka tarihin sufurin samanmu ya yi.

Dalilina shi ne, a Turai da Amurka akwai mutanen da suka mayar da wannan abu aikin adana tarihi. Tsofaffin matuƙa da injiniyoyi da masu sha’awa sukan haɗu a intanet, wani ya kawo hotunan filin garinsu na 1960, wani ya kawo tsohon littafin jadawalin kamfani, wani ya zauna ya yi wa jirgi fenti irin na lokacin, har da lambar da ke jikin wutsiya. Sai su sake gina filin kamar yadda yake a wancan zamani, su raba kyauta. Akwai wata ƙungiya mai suna California Classics da ta daɗe tana wannan aiki a kan zamanin jirage masu farfela. Mutum zai iya zama a wani fili na Landan na shekaru sittin da suka wuce, ya kalli jiragen ranar Talata suna sauka bi da bi, kamar yadda mahaifinsa ya gani.

Mu fa? Ba tarihin muka rasa ba. A Kano jirgin sama ya fara sauka a Nijeriya, cikin Nuwamba 1925, lokacin da jirage uku na sojan saman Ingila suka iso daga Masar. A 1936 Imperial Airways ya fara zuwa Kano daga Khartoum. An yi zamanin da mai raƙumi ke busa kakaki a filin Kano don a kauce, jirgi na tafe. KLM ya shafe shekaru da dama yana haɗa Kano da Amsterdam. Nigeria Airways, mai launin kore da fari da tambarin giwa mai fiffike, an kafa shi a 1958, ya daina tashi a 2003. Kabo Air na marigayi Alhaji Muhammadu Ɗan Kabo ya fito daga Kano a 1980. Da na shiga neman waɗannan, na samu fentin wasu jiragen, galibi aikin Turawan da suka ɗauki hotonsu a filayen Turai. Wato an san kamanninsu a ƙasar wasu. Yadda suke jeruwa a gida, a ranar Juma’a da yamma a Kano ko da asuba a Sakkwato, wannan yana cikin kawunan tsofaffi irina.

Ga kaɗan daga abin da ke cikin nawa kan. Lokacin jigilar alhazai, filin Sakkwato yakan koma kasuwa. Motoci daga Tambuwal da Kebbe da Dogon Daji da Shagari da Bodinga sukan cika hanya, alhaji ɗaya ’yan rakiya ashirin. Ana kwana a kan tabarmi, ana dafa shayi, ana ta sauraron ƙarar sama. Wasu fasinjojin namu ba su taɓa wuce Sakkwato ba, sai ga shi za su tsallake Chadi da Sudan da Bahar Maliya a tafiyar kusan awa biyar. Aikinmu ya wuce raba abinci. Mu ne masu ɗaura wa dattijo bel, mu ne masu nuna yadda ake buɗe famfon bayi, mu ne masu lallashin a bar buta a ƙasa kada a jiƙa daben jirgi. Wata tsohuwa ta taɓa riƙe hannuna bayan mun yi nisa, ta ce, “Ɗana, wanga jirgi ya tsaya ne? Ban ji muna tahiya ba.” Na ce, “Inna, muna tafiya, har mun bar Nijeriya.” Ta leƙa taga ta ga farin gajimare shimfiɗe a ƙasa, ta yi salati, ta koma kan carbinta. Idan aka yi shelar an kusa miƙati kuwa, jirgi gaba ɗaya yakan ɗauki talbiyya, har ƙarar injin takan koma baya. Wallahi ko yau na tuna sai tsigar jikina ta tashi.

Sai Jidda. Zangon alhazai na filin Sarki Abdul’aziz, wanda aka buɗe a 1981, rufinsa kamar jerin manyan tantuna farare. Nan muke haɗuwa da ma’aikatan jiragen Indonesiya da Pakistan da Turkiyya da Sudan, kowa da kalar rigarsa, a gaisa da ɗan Larabcin da ya samu. Dawowa kuma wata duniya ce: akwatunan ƙarfe, jarkokin zamzam, dardumai, rediyo, dabino, da haƙorin Makka yana walƙiya a bakin hajiya. Mukan yi sahu biyu a jere, barci a zaune, mu sauka Sakkwato cikin hazon hunturu ko zafin bazara gwargwadon inda watan Zulhajji ya faɗo a shekarar. Wasu daga cikin abokan aikina na lokacin sun riga mu gidan gaskiya, wasu kuma tun da kamfanoni suka watse ban sake jin ɗuriyarsu ba.

Matsalar ita ce, jirgin alhazai jirgin shata ne. Ba ya shiga littafin jadawalin da kamfanoni ke bugawa, saboda haka mai son gina zirga-zirgar Sakkwato ta 1988 ba shi da takardar da zai kwafa. Ɗaukar hoto a filin jirgi kuma a wancan zamani abu ne da kan jawo wa mutum tambayoyi, shi ya sa hotunan suka yi ƙaranci. Abin da ya cece ni wani ɗan littafin aljihu ne da nake rubuta sahun da na yi, don lissafin alawus: rana, lokacin tashi, lokacin sauka, irin jirgi. Da taimakon wani ɗan ƙanena mai ilmin kwamfuta muka mayar da shafukansa jadawali, muka zana wuraren tsayawa, muka dasa bishiyoyi a inda na tuna suke. Daren da na ga Boeing 707 ya ɓullo daga gabas da fitilunsa, ya sauka, ya juyo ya tsaya a mazauninsa bai ɓace ba, sai da na tashi na fita tsakar gida na sha iska.

Akwai sahu biyu da ban sa a jadawalin ba, kuma ba zan sa ba. Ranar 11 ga Yuli 1991 wani DC-8 na kamfanin Nationair na Kanada, wanda ke jigila da sunan Nigeria Airways, ya tashi daga Jidda zai kawo alhazai Sakkwato. Tayoyinsa suka fashe wajen tashi, wuta ta kama, ya juyo zai koma bai kai titi ba. Mutum 261 ne a ciki, babu wanda ya fita. Ranar 29 ga Oktoba 2006 kuma jirgin ADC ya faɗi jim kaɗan da tashi daga Abuja a kan hanyarsa ta zuwa Sakkwato, mutum 96 suka rasu, cikinsu har da Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo. A kwamfuta abu ne mai sauƙi in rubuta layi biyu, jiragen nan su iso lafiya kowane mako har abada. Ɗan ƙanen nawa ya taɓa kawo shawarar haka da kyakkyawar niyya. Na ce masa a’a. Akwai gidaje a ƙasar Sakkwato da aka yi shara aka dafa abincin tarbar alhaji, aka wayi gari ana karɓar gaisuwa. Abin da ya dace da su addu’a ce. Allah ya jiƙansu da rahama.

Na ga sabuwar manhajar ta 2020 a gidan wani ɗan’uwa a Abuja. Kamfanin Asobo na Faransa ne ya gina ta, da hotunan tauraron ɗan’adam, kuma tana iya kawo yanayin sama da jiragen da ke tafiya a daidai lokacin. Muka tashi daga Sakkwato muka yi kudu maso yamma har muka zo kan garinmu. Tsarin gonaki da hanyoyi yana nan, har na gane wasu. Gidajen kuwa kwamfuta ta cike su da nata zato: babu zaure, babu rumbu, babu darni. Tauraro yana ganin rufi, amma bai san abin da ke ƙarƙashinsa ba, kuma jiya ba ta cikin abin da yake ɗauka. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Saboda haka ga roƙona, musamman ga marubutanmu. Sau nawa muka karanta a littafi cewa Alhaji ya hau jirgi ya tafi Dubai, a layi ɗaya, kamar wanda ya shiga bayan gida? Alhali a cikin zauren jira na Kano ko sansanin alhazai na Sakkwato akwai labarin da zai cika littafi uku: mai rakiyar da ya sayar da sa don uwarsa ta je Makka, ma’aikaciyar jirgi ’yar Arewa da ta sha surutun dangi, makanikin da ke kwana ƙarƙashin fiffike. Mutanen nan suna raye, wasunsu a unguwarku. A je a zauna da su tun suna iya tunawa.

Wanda kuma ke da tsohon tikiti a cikin adakar kakarsa, ko katin shiga jirgi, ko hoton da aka ɗauka a gindin matakala ranar dawowar Alhaji, kada ya bari gara ta cinye. A ɗauki hotonsa da waya, a rubuta shekara da gari a ƙasa, a ajiye a inda wasu za su gani. Matasanmu masu iya zane a kwamfuta suna da yawa a Sakkwato da Kano da Zariya, kayan aikin ginin filin kuma akasarinsu kyauta ne. Abin da suke jira shi ne wanda zai ce musu, a nan hasumiya take, a nan muke ajiye babban jirgi, a nan mai shayi yake zama. Ni dai littafin aljihuna yana nan, duk mai so ya zo Sanyinna ya kwafa. Allah ya sa mu dace, ya kai matafiya gida lafiya.