Daren da muka yi wa kura kwanto a ƙasar Kebbe

Tambuwal,
Jihar Sakkwato.

Aminina,

Ya aiki, ya sanyin ƙasar mutane? Hoton da ka aiko, kana tsugune kusa da baƙar dabbar nan beyar da abokin aikinka ya harbo, ya zaga gidanmu kaf. Inna ta ce a tambaye ka wane irin kare ne ya ƙoshi haka.

Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda ka ce ake farautarta a jiharku ta Maine: a kai ganga daji, a riƙa zuba mata tsohon burodi da kayan zaƙi da man suya har kusan wata guda, in dabba ta saba sai maharbi ya hau bishiya ya jira ta. Har ƙuri'a ka ce an kaɗa a 2014 don a hana, masu son a ci gaba suka yi rinjaye. To, mu ma muna da irin wannan farautar, sai dai da mushe, kuma a hunturun nan na ɗanɗana ta karon farko.

Ka tuna ƙauyen Kawu, can ƙasar Kebbe kusa da gulbin Zamfara? Awaki suka dinga ɓacewa da dare, har an fara kallon juna. Sai aka kira Sarkin Baka, tsoho ne tukuf amma idonsa garau. Ya duƙa a bayan garke ya nuna mini sawu, na ƙafar gaba ya fi na baya girma. Can gaba kuma ga kashi fari fat, don ƙashi take taunewa ta haɗiye. Ya ce, "Ɗana, wagga kura ta. Ba sayaki na ba, ba ɓarawo na ba." Mutane suka yi ta mamaki, don yaran yanzu ba su san kura ba sai wadda gardi ke ja a kasuwa da takunkumi.

Aka yi dace jakin wani ya mutu. Da la'asar muka ja kayan cikinsa a ƙasa tun daga bakin fadama har gindin wata tsamiya, don wari ya yi mata jagora. Sauran mushen aka ɗaure shi tamau a jikin kututture, in ba haka ba ja za ta yi ta shige duhu da shi. A kan tsamiyar aka ɗaura mana 'yan itatuwa muka samu wurin zama. Tsohon ya ɗebi ƙasa ya saki ya ga inda iska ta nufa, ya tabbatar daga wajen mushen take busowa zuwa gare mu. Ya hana ni wanka da sabulu, ya hana turare, ya sa na kashe waya. Goro kaɗai ya yarda da shi.

Wani abin da iyayenmu ba su sani ba a zamaninsu: sai da muka je muka shaida wa hakimi da 'yan banga cewa za a ji ƙarar bindiga da dare. In ba haka ba, harbi ɗaya sai gari ya watse, a ɗauka ɓarayin daji ne. Don su ne ma ba mu yi nisa da gari ba.

Sha huɗu ga wata ne, fari tas. Wallahi, aboki, tafiyar yini a farautar karnuka da gangi ta fi wannan zaman sauƙi. Ƙafa ta mutu, sanyi ya shiga ƙashi, tari ya taso maka ka haɗiye shi da ƙyar. Dila ne ya fara zuwa, ya yagi rabonsa yana waige-waige. Can tsakar dare muka ji kukanta daga wajen gulbi, irin mai farawa ƙasa-ƙasa ya ƙare sama. Dila ya yi ɓatan dabo. Ta daɗe tana kewaya wurin tana shinshina kafin ta yarda ta matso, ni kuwa ban ma gan ta ba sai da na ji ƙashin jaki yana fashewa, ƙas, ƙas.

Na zunguri tsohon, ya ƙi kula ni. Bindigar toka ce a hannunsa, harbi ɗaya gare ta, kafin ka sake ɗura albarushi ka danna, nama ya kai wani gari. Sai da ta juya ta ba shi haƙarƙari sannan ya saki. Hayaƙi ya rufe mu. Ya ce ba mai sauka sai gari ya waye, don kura mai rauni ba abar wasa ba ce. Da asuba muka same ta a cikin sabara, ba nisa. Mace ce, ƙatuwa. A wajen kuraye dama matan sun fi mazan girma.

Kafin hantsi masu neman magani sun rabe ta, wannan gashi, wancan haƙori. Aka kuma tayar da gardamar cin namanta: liman ya ce a Malikiyya makaruhi ne, wani ɗalibi ya ce ai Shafi'iyya sun halatta. Ni dai warin ya raba mini gardama.

Masu cewa farautar kwanto ta ragwaye ce, su zo su kwana a kan tsamiya tukuna. Amma taku ba ta kwanta mini ba. Tamu ɓarauniya ce, ta cinye wa talakawa jari. Ku kuwa dabbar da ba ta taɓa maka ko kaza ba, ka yi wata kana ba ta alewa har ta saki jiki da kai, sannan ka harbe ta? Shi kansa Sarkin Baka bai yi wani kirari ba, ya ce ya daɗe rabonsa da ganin sawun kura a wannan yanki, ya so a ce ba garke ta faɗa ba.

Ba ka faɗa mini ko ka ci naman ba, kada ka ɓoye. Kuma na nuna wa tsohon hotonka, fitilar da ke goshinka ta shiga ransa, ya ce in za ka zo da sallah ka taho masa da irinta. Inna da su Kawu suna gaishe ka.

Naka,
Amininka.