Mudu a gida, kofi a Amurka, sikeli a Turai

Duk wanda ya tashi a Kano ko Maraɗi ya san da mudu ake auna gyaɗa. Mai awo za ta cika kwano ta yi masa tozo, in cinikin ya yi daɗi ta ƙara miki gyara. A wajen girki kuwa gwangwanin madara da ludayi da tafin hannu sun wadatar, ba mai tambayar nauyi.

A nan Amurka ma da mazubi ake girki, sai dai nasu kofin girmansa ɗaya ne a kowane gida, kusan mililita 237. Littafin girkin da Fannie Farmer ta fitar a Boston a 1896 ya taimaka wajen kafa wannan al'ada, wato a cika kofi a shafe bakinsa da bayan wuƙa, ba tozo. Amma a kanti da nauyi ake sayar da gyaɗa, leda ɗaya fam guda, gram 454. Don haka uwargida kullum tana cikin lissafin kofi nawa ne a ledar. Mutanen Faransa da Jamus sun huta da wannan, domin sikeli suke ajiyewa a kicin, littattafansu ma da gram suke magana.

Inda gizo ke saƙa shi ne kofi gurbi yake aunawa, har da iskar da ke tsakanin ƙwayoyi. Kofi ɗaya na ɓararriyar gyaɗa kusan gram 145 ne, ke nan ledar nan ta haura kofi uku kaɗan. A markaɗa gyaɗar ta yi laushi, iskar ta fita, sai kofin ya ɗauki wajen gram 255. Almon in yana ɗungurungum kusan gram 143 ne, in an yanka shi fale-fale sai ya sauko wajen 92. Kofin kansa ma ba ɗaya ba ne a duniya, na Ostireliya mililita 250 ne.

To me ya sa iyayenmu ba sa kuskure da gwangwani? Saboda irin girkinmu a kan wuta ake gyara shi. Mai miyar taushe tana tsaye a kan tukunya, ta ɗaga ludayi ta ga yadda miyar ke zuba, in ta yi kauri ta ƙara ruwa, in ta tsinke ta ƙara gyaɗa. Haka kunun gyaɗa. Kek kuwa da ya shiga tanda magana ta ƙare, kuma kusan rabin gyaɗa mai ne, in ta yi yawa ƙullin zai yi nauyi ya ƙi tashi.

Abin da ya dame ni 'ya'yanmu ne da ke tasowa a nan, waɗanda ba su taɓa tsayawa kusa da kaka tana dama kunu ba. In aka ce musu "gyaɗa gwangwani biyu", ba su san wane gwangwani ba, ba su san ɗanya ce ko soyayya, ɓararriya ko markaɗaɗɗiya. Ina roƙon masu rubuta girke-girkenmu su faɗi halin da gyaɗar take ciki, su kuma sa gram kusa da gwangwanin, domin yarinyar da ke Chicago ta iya dafa miyar da ake dafawa a gidan kakarta.