Nowel a Yamai, a gidan Madam

Mu uku muka tashi daga Maraɗi ranar Litinin 23 ga Disamba 2024, tun kafin kiran assalatu, sanyin hunturu har cikin ɓargo. Tafiyar ta fi kilomita 600. Muka wuce Galmi, Ƙonni, Dogondutsi da Doso, muka sauka Yamai bayan la'asar, ƙafafu sun kumbura, fuska fari fat da ƙura. Ba taro muka je ba, ba asibiti ba. Madam ce ta gayyace mu bikin Nowel, wato Kirsimeti.

Tsofaffin ƴan ƙungiyarmu sun san ta. Mutuniyar kudancin Benin ce, ta yi shekaru tana koyar da ƴaƴanmu a wata lakol a Maraɗi kafin ta koma aiki Yamai. Lokacin da muka fara asusu, lissafi na ba mu kashi, ita ce take zuwa bayan isha'i da fitilarta ta zauna da mu kan tabarma har littafi ya daidaita. Kowace babbar salla sai mun aika mata da nama. Amma ko sau ɗaya ba mu taɓa tambayarta ba: ke fa, ranar taki sallar, wa kike gani, wa ke aiko miki? Sai a cikin mota ɗayarmu ta tuno da wannan, muka yi shiru.

Ɗaki biyu take haya a gidan mutane da yawa. Muna shiga muka tarar da tsakar gida cike da mata, wasu na tankaɗe, wasu na gyaran kifi, ana hira cikin harsunan da ba mu ji. Ta rungume mu tana cewa, "Hajiyoyina sun iso! Yau ni ma ina da dangi." Ta gabatar da matan ɗaya bayan ɗaya: wannan ƴar Togo ce, tela, waccan ƴar Burkina, tana aiki gidan magani, ga wata Bagurmiya, ƴar ƙasarmu. Ba uwa ɗaya, ba gari ɗaya. Coci ne ya haɗa su.

Mun so mu san yadda abin yake, don haka muka yi ta tambaya. Ashe zuwa ranar Lahadi kaɗan ne daga ciki. Kiristocin kowace unguwa suna da ƙaramin rukuni, suna haɗuwa gidan ɗayansu sau ɗaya a mako, su yi addu'a, sannan su ji wa ke kwance, wa ya rasa aiki, ɗan wa aka kora don kuɗin lakol. Matan kuma suna da akwatinsu, kowa na zuba jika guda a wata. Da muka ga littafin sai dariya ta kama mu, domin layukan iri ɗaya ne da namu, ashe can ma Madam ce ta ja su. Sai dai akwai shafi guda da mu ba mu da shi: kuɗin kai gawa gida. Mu idan ta Allah ta kasance, maƙabarta na bayan gari, dangi na kusa, kafin rana ta faɗi an gama. Baƙo kuwa dole ya yi tanadin hanyarsa ta ƙarshe tun yana da rai. Wannan shafin ya tsaya mana a zuciya.

Hanyar kuma a lokacin ba sauƙi. Daga Yamai zuwa Kwatano ya fi kilomita 1000. Da can, da an ba da hutun lakol sai ta shiga mota, ta ƙetare gadar Gaya zuwa Malanbil, ta yi Nowel da tsohuwarta. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka rufe gadar. Benin ta buɗe nata gefen a 2024, namu ya zauna yadda yake. Masu tafiya sai su sauka, su shiga jirgin ruwa da kayansu, su biya nan su biya can. Madam ta ce ita da ruwa ba sa shiri, albashin ma ba ya ɗauka. Nowel biyu ke nan ba ta ga uwarta ba sai ta waya.

Daren Talata muka raka ta. Gaskiya mun yi ta shawara tsakaninmu ko mu shiga ko kar mu shiga. A ƙarshe muka yi sallarmu ta isha'i a gida, muka bi ta, muka zauna kan benci a farfajiya inda ake jin komai. A bakin ƙofa akwai ƴan sanda, ana duba jakar kowa. Ba wanda ya yi mana bayani, mu ma ba mu tambaya ba, don mun sani. A 16 da 17 ga Janairu 2015, cikin zanga-zangar zanen ɓatancin da wata jaridar Faransa ta buga, an ƙona coci-coci a Damagaram da Yamai, mutum 10 suka mutu. Mutanen da ke zaune kusa da mu ba su zana komai ba. Madam ta ce mana daga baya, a waɗannan kwanaki maƙwabciyarta musulma ce ta ɓoye ta a ɗaki, ta ɗaura mata hijabi. Ta faɗa ne tana wanke kwano, ba ta ko ɗago kai ba.

Amma daren ba na baƙin ciki ba ne, ko kaɗan. Mata sun sha zane iri ɗaya, kowace ƙungiya da nata. Limaminsu ya yi magana da faransanci, waƙa kuwa sai aka yi ta zagayawa: zabarmanci, hausa, gurmanci, sai harsunan bakin teku, da ganga da ƙwarya da tafi. Da aka ɗauko ta harshen Fon muka hango Madam ta miƙe, idonta rufe, tana rausaya kamar ba ita ce mai tsawata wa yara kan lissafi ba. A gefe guda yara sun gina ƴar bukka ta ciyawa, da tumakin laka da jariri kwance cikin komin dabbobi, wai nan aka haifi Annabi Isa. Mu a Suratu Maryam gindin dabino muka sani. Ba mu yi gardama ba, ba a kuma nemi mu yi ba.

Wani tsoho mai sanda ya ji muna hausar Maraɗi ya matso. Ya ce ubansa malamin lakol ne tun ƙasar tana Dahomai, zamanin da malamai da ma'aikatan ofis da yawa a Nijar daga can suke. A Disamba 1963, kan rigimar tsibirin Lete, gwamnatin Diori Hamani ta sallami ma'aikata ƴan Dahomai, aka kwashe su da iyalansu. Shi yana yaro aka tafi da shi, da ya girma ya dawo, don a nan aka binne cibiyarsa. Ya yi dariya ya ce duk lokacin da manya suka ɓata, su ne ke fara ɗaure kaya.

Laraba, ranar bikin, ba aiki a ƙasa duka, hutun gwamnati ne. Abin da muke ɓoyewa a rai shi ne abinci, kun dai gane. Madam ta riga mu: tun da safe ta kira malamin unguwa ya yanka kajin a gabanmu, tukunyarmu daban, ba ta kuma bari an shigo da kwalba gidan ba sai bayan mun tafi masauki. Muka ci jan tuwon masara da aka dafa cikin romon kaza, suna ce masa amiwo, da wani farin mai tsami a naɗe cikin ganye. Na farkon ya yi daɗi ƙwarai. Na biyun sai wanda ya saba. Yara suka yi ta kai kwano gidajen maƙwabta musulmi, kamar dai yadda muke yi da naman layya. Wasu ƴan samari suka sa abin rufe fuska na kwali suna rawa ana ba su ƴan dala. Ta ce a garinsu ana ce wa wannan kaleta, kuma can unguwa guda ke fitowa, ba yara huɗu ba. Nan ne kawai muka ga ta share ido.

Da dare, kafin mu kwanta, mai riƙe da littafin matan ta zo karɓar zubi. Muka sake buɗe shi. A shafin ƙarshe, gaban sunan kowace mace an rubuta wanda za a kira idan wani abu ya same ta. Gaban na Madam lamba ɗaya ce, ta ƙanenta, can bayan gadar da ke rufe. Muka ce a ƙara tamu. Madam ta ce, "Haba Hajiya, Maraɗi ma ai da nisa." Muka ce mota ɗaya ce, kuma ba ruwa a hanya. Matar ta ɗauki biro ta rubuta lambobin uku, ta tambaye mu me za ta sa a gurbin dangantaka. Muka ce ta sa ƴan lakol.